Yadda gas ɗin Pensilbeniya ya tashi daga ƙasa da tiriliyan 4 zuwa sama da 100 cikin shekara goma

A ƙarshen 2008 iskar gas ɗin da aka tabbatar jihar Pensilbeniya ta Amurka tana da ita a ƙarƙashin ƙasa ba ta kai kyubik fit tiriliyan 4 ba. Zuwa 2010 ta kai wajen tiriliyan 14, a 2013 ana maganar kusan 50, a 2018 kuma ta haura 100. Kuma fa duk tsawon shekarun nan ba zaune suke ba, haƙowa ake yi ana sayarwa dare da rana, har ta kai a 2021 kaɗai jihar ta fitar da sama da tiriliyan 7, wato a shekara ɗaya ta fitar da kusan ninki biyu na duk abin da aka ce tana da shi gaba ɗaya a 2008. To ta yaya kana ɗiba abu yana ƙaruwa? Tambayar ke nan da nake so mu zauna a kanta, don wallahi yawancin masu kawo irin waɗannan alƙaluma a muhawara ba su san me lambar take ƙirgawa ba, kuma ba ƙaramar illa hakan ke yi ba idan aka zo tsara manufa a kanta.

Ga wanda bai saba da awon ba, Amurkawa da kyubik fit suke auna gas, tiriliyan ɗaya ya kai wajen kyubik mita biliyan 28, kuma Amurka gaba ɗayanta tana ƙona sama da tiriliyan 30 a shekara. Sai ka riƙe wannan a ranka don ka gane girman abin da ake magana.

Gas ɗin dai yana nan tun fil azal. Dutsen da ake kira Marcellus, wanda aka raɗa wa sunan wani ƙaramin gari a jihar Niyok inda ya leƙo saman ƙasa, laka ce ta ƙarƙashin teku da ta daskare shekaru kusan miliyan 390 da suka wuce, baƙin dutse ne mai falle-falle, ya shimfiɗu ƙarƙashin Pensilbeniya da Yammacin Bajiniya da wani ɓangare na Ohayo da Niyok. Kuma masu haƙa sun daɗe da sanin da gas a cikinsa, tunda Pensilbeniya ba baƙuwa ba ce a harkar, a nan Edwin Drake ya haƙa rijiyar mai a Titusville a 1859, a nan rijiyar gas ta Haymaker ta ɓalle a Murrysville a 1878. Idan suna haƙa za su wuce zuwa wani dutsen na ƙasa da shi sukan ji gas ya ɗan taso ya lafa, sai su wuce abinsu, saboda dutsen a matse yake sosai, ƙofofin da ke cikinsa ƙanana ne ainun, gas ba ya iya tafiya ya taru a bakin rijiya yadda zai biya kuɗin aiki. Shi ya sa a 2002 da hukumar binciken ƙasa ta Amurka, USGS, ta yi kiyasin abin da za a iya cirowa daga Marcellus, tiriliyan 1.9 kawai ta ce.

A nan ne ya kamata mu fahimci me ake nufi idan aka ce ajiyar da aka tabbatar. Hukumar EIA, wadda ke tattara bayanan makamashi a Amurka, duk shekara tana karɓar rahoto daga kamfanonin da ke haƙa, kuma abin da ake yarda a sa a wannan lissafi shi ne gas ɗin da bayanan ƙasa da na injiniyoyi suka nuna da yaƙini mai ƙarfi cewa za a iya ciro shi, daga wurin da aka riga aka sani, da fasahar da ke hannu yanzu, a kan farashin da ake ciki yanzu, kuma doka ta yarda. Idan aka bi ta hanyar lissafin yiwuwa ana so ya zama akwai kashi 90 cikin 100 na tabbacin za a samu wannan adadin ko fiye. Ka ga sharuɗɗan suna da yawa, kuma ɗaya ne kawai a cikinsu ya shafi dutsen kansa, sauran duk harkar mutane ce, ta injin da kasuwa da majalisa da banki. Duk ranar da ɗaya daga cikin sharuɗɗan nan ya motsa, lambar za ta motsa ko da ba a taɓa ƙasa ba.

Abin da ya fara motsawa shi ne fasaha, kuma ba a Pensilbeniya aka fara ba. A Teksas wani attajiri George Mitchell ya shafe shekara da shekaru yana zuba kuɗi a dutsen Barnett mutane suna ganin asara yake, sai a ƙarshen shekarun 1990 injiniyoyinsa suka gano cewa idan aka tura ruwa mai yawan gaske da ɗan yashi da ɗan sinadari da matsi mai ƙarfi, dutsen yana tsattsagewa, yashin ya maƙale a tsagar ya hana ta rufewa, gas ya samu hanya. Da kamfanin Devon ya saye kamfanin Mitchell a 2002 sai aka haɗa wannan dabara da haƙa a kwance, wato ka nutsa ƙasa a tsaye sama da kilomita ɗaya ko biyu, sannan ka lanƙwasa bakin injin a hankali har ya kwanta ya bi cikin shimfiɗar dutsen. Bambancin a fili yake, rijiyar tsaye tana ratsa kaurin dutsen ne kawai, ita kuwa ta kwance tana tafiya cikinsa kilomita guda ko fiye, yanzu ma ana yin wadda ta wuce kilomita uku.

A watan Oktoba 2004 kamfanin Range Resources ya gwada salon Barnett a wata rijiya da ake kira Renz ta 1 a gundumar Washington ta Pensilbeniya, kudu maso yammacin birnin Pittsburgh, bisa shawarar masanin duwatsunsu Bill Zagorski, kuma gas ya fito yadda ya ba su ƙwarin gwiwa. Amma duba fa, daga 2004 har 2008 lambar jihar ba ta yi wani tsalle ba, saboda rijiya ɗaya ko goma ba sa tabbatar da yanki, sai an haƙa da yawa, an ga yadda kowace take raguwa wata bayan wata, sannan injiniya zai iya sa hannu ya ce wannan filin zai ba da kaza. A Janairu 2008 ne malaman jami'a biyu, Terry Engelder da Gary Lash, suka fito suka ce dutsen zai iya ƙunsar tiriliyan 500, kuma ana iya ciro wajen 50 daga ciki, a daidai lokacin da farashin gas ke hawa har ya haura dala 13 a kan kowane kyubik fit dubu a tsakiyar shekarar, sai kamfanoni suka yi ca a kan jihar, wakilansu suna bi gona gona suna sa manoma hannu a takardar haya.

Sai kuma wani abu da ba a cika ambata ba, wanda ni a ganina yana da nauyi sosai a wannan labari, wato canjin ƙa'idar lissafi. Hukumar SEC mai sa ido kan kasuwar hannun jari ta sabunta dokokinta a ƙarshen 2008, suka fara aiki da rahotannin ƙarshen 2009. A da, kamfani ba ya iya lissafa filin da bai haƙa ba sai wanda ke manne da rijiyar da ke aiki, sabuwar ƙa'ida ta ce idan kana da fasaha abin dogaro da ta nuna dutsen iri ɗaya ne a faɗin wurin, kana iya lissafa wuraren da suka fi nisa, da sharaɗin kana da tsarin haƙa su cikin shekara biyar. Wannan ya yi wa irin dutsen Marcellus daidai, domin shi ba tafki ba ne da ake lalube a dace ko a rasa, shimfiɗa ce mai faɗi, inda duk ka huda a yankin mai kyau za ka samu, illa dai wani wuri ya fi wani. Haka kuma aka daina amfani da farashin ranar ƙarshe ta shekara, aka koma matsakaicin farashin ranar farko ta kowane wata na watanni 12. Saboda haka wani kaso mai tsoka na lambar da kake gani rijiyoyi ne da ba a haƙa ba tukuna, alkawari ne kamfani ya yi cewa zai kashe kuɗi nan da shekara biyar, idan kuɗin ya ƙi samuwa ko shugabanni suka canza shawara dole a goge su daga littafi.

Shi ya sa idan ka buɗe teburin EIA na kowace shekara ba za ka ga lamba ɗaya ba, za ka ga an fara da abin da aka rufe bara da shi, a ƙara abin da aka samu ta faɗaɗa filayen da ake da su da sababbin da aka gano, a ƙara ko a rage gyaran kiyasi, a daidaita abin da kamfanoni suka saya ko suka sayar a tsakaninsu, sannan a cire abin da aka haƙo a shekarar. A Pensilbeniya layin faɗaɗawa ne ya riƙa rinjayar layin haƙowa shekara bayan shekara, kowace sabuwar rijiya tana tabbatar da maƙwabtanta, kuma rijiyoyin suna ƙara tsawo ana ƙara yawan yashi, har filin da aka yi wa kiyasi kaza a 2011 ya koma ana sa ran zai ba da fiye da haka nesa ba kusa ba. A 2017 kaɗai jihar ta ƙara wajen tiriliyan 28, babu jihar da ta kamo ta a shekarar.

Farashi kuma shi ne mai ba da tsoro. Yawan gas ɗin da aka fitar ya karya kasuwar da kansa, a Afrilu 2012 farashi ya faɗo ƙasa da dala 2, ajiyar Amurka gaba ɗaya ta ragu a shekarar, amma ta Pensilbeniya ta ci gaba da hawa da kusan tiriliyan 10, saboda rijiyoyinta musamman na arewa maso gabas, irin gundumomin Susquehanna da Bradford, suna da arhar aiki da yawan fitarwa, ko a farashin da ya kashe wasu su suna tsira. A 2015 abin ya fi muni, ajiyar ƙasar ta faɗo daga wajen tiriliyan 389 zuwa 324, a nan kam har Pensilbeniya ta ɗan ja baya. Haka aka sake gani a 2020 lokacin korona. Sai 2022 da yaƙin Yukiren ya tada farashi matsakaicinsa ya haura dala 6, ajiyar Amurka ta kai tiriliyan 691, mafi yawa a tarihi zuwa lokacin, shekara ɗaya bayan nan da farashi ya dawo wajen dala biyu da rabi sai ta sauko kusan 604. Kusan tiriliyan 87 sun fita daga littafi a shekara guda, alhali abin da aka haƙo a shekarar bai kai rabin haka ba, kuma ana ta ƙara sababbin rijiyoyi. Gas ɗin yana nan inda yake, kawai dai a wannan farashin ba wanda zai sa hannu ya ce zai ciro shi da riba.

In kana son ganin tasirin doka ƙuru-ƙuru, je ka iyakar Pensilbeniya da Niyok. Gundumar Susquehanna tana daga cikin wuraren da suka fi ko'ina fitar da gas a Amurka, ka ɗan matsa arewa kaɗan ka shiga gundumar Broome ta Niyok, dutsen bai san da iyaka ba ya ci gaba abinsa, amma Niyok ta dakatar da wannan salon fasa dutse tun 2008, gwamna Andrew Cuomo ya sanar da haramta shi a Disamba 2014, daga baya aka mayar da shi doka a 2020, don haka ajiyar da aka tabbatar a Niyok ba ta taka kara ta karya ba har yau. Ban kawo wannan don in ce Niyok ta yi kuskure ba, suna da dalilansu na lafiya da ruwan sha kuma zan zo kan wannan, na kawo ne don a ga cewa abin da doka ta hana cirowa ba ya shiga lissafi komai yawansa.

Sai bututu. Rijiya ta bayar guga ya hana, haka abin yake a wannan harka, domin gas ba kamar ɗanyen mai ba ne da za ka loda a tanka ka kama hanya, in babu bututu zuwa kasuwa to babu ciniki. Akwai shekarun da gas a arewacin Pensilbeniya ake sayar da shi ƙasa sosai da farashin Henry Hub na Luwiziyana wanda ake auna kasuwar ƙasar da shi, saboda ya yi yawa hanyar fita ta yi kaɗan, har da rijiyoyin da aka gama haƙawa aka bar su a rufe suna jira. Tsallen 2017 da 2018 ya zo daidai da buɗe manyan bututai irin Rover da Atlantic Sunrise, da fara fitar da gas ɗin da aka daskarar zuwa ƙasashen waje daga tashar Cove Point ta Merilan a 2018. Bayan nan kuma aka soke bututun Constitution a 2020, aka soke PennEast a 2021 bayan doguwar shari'a da turjiyar jama'a, kuma tun daga wajen lokacin haƙowar jihar ta tsaya a wajen tiriliyan 7 da ɗoriya a shekara, ajiyar ma ta daina irin wancan tsallen tana kai da komo a kusa da tiriliyan 100. Alaska ta fi kowa sanin wannan ciwo, a 1988 an goge sama da tiriliyan 24 na gas ɗin arewacinta daga lissafi saboda babu hanyar kai shi kasuwa, sai a 2021 lambarta ta kusa ninkawa uku saboda shirin bututu da tashar fitarwa da aka sa a gaba.

To yanzu ga inda nake ganin ake yawan zamewa. Na farko masu raba ajiya da abin da ake haƙowa a shekara su ce saura shekara kaza gas ya ƙare. A 2008 Pensilbeniya tana fitar da wajen biliyan 200 a shekara, in ka raba sai ka ce saura shekara 18. Yanzu tana fitar da ninkin wancan sama da 30, in ka sake rabawa sai ka samu wajen shekara 14, alhali tsakanin 2008 da 2021 ta riga ta fitar da sama da tiriliyan 50. Lissafin ba ya gaya maka ranar ƙarewa, yana gaya maka ne iya nisan da kamfanoni suka ga ya dace su kashe kuɗi su tabbatar, kuma ba kamfanin da zai ɓata kuɗi yana tabbatar da gas ɗin da sai nan da shekara 40 zai taɓa shi, ga kuma ƙa'idar shekara biyar ta ɗaure shi.

Ɗaya zamewar ta masu zumuɗi ce, waɗanda ke ɗauko babban kiyasin abin da ake hasashen yana ƙasa su kira shi ajiya. Wannan wani aji ne daban kuma yana rawa sosai, ita kanta EIA ta taɓa sa kiyasin Marcellus a tiriliyan 410 a 2011, da USGS ta fito da nata na 84 a shekarar sai ta dawo da shi 141 a 2012. Duk gwamnatin da ta ci bashi ko ta gina tashoshin lantarki a kan irin wannan lamba tana wasa da dukiyar jama'a. Kai ko ita ajiyar da aka tabbatar ɗin ma mutane ne ke rubuta ta, kuma darajar hannun jarin kamfani da bashin da banki zai ba shi duk a kanta suke rataye, don haka kwaɗayin kumbura ta yana nan, a Janairu 2004 kamfanin Shell ya fito ya rage kusan kashi 20 cikin 100 na abin da ya ce ya tabbatar, har shugabansa Philip Watts ya rasa kujerarsa. Wannan ne ya sa ni nake fi son a duba kason da ke fitowa daga rijiyoyin da ke aiki yanzu, a ware shi daga na rijiyoyin da ke kan takarda, kafin a yi murna.

Akwai kuma abin da ya shafi yanayin rijiyoyin kansu, rijiyar irin wannan dutse tana fitowa da ƙarfi a farko sannan ta faɗi warwas cikin shekara ɗaya zuwa biyu, daga nan ta ci gaba da tsiyaya a hankali na tsawon lokaci. Ma'ana dole a yi ta haƙa sababbi ba tsayawa don kawai a riƙe matakin da ake kai, kuma kowa wurin da ya fi daɗi yake fara ci. Tsawaita rijiyoyi ya rufe wannan matsalar zuwa wani lokaci, ga kuma dutsen Utica a ƙarƙashin Marcellus wanda ya fi zurfi da tsadar haƙa, amma filaye masu kyau a gundumomi ƙalilan suka taru, kuma suna da iyaka.

Abin da ya fi damuna shi ne abubuwan da ba su da layi a teburin kwata-kwata. A ƙauyen Dimock na gundumar Susquehanna rijiyar ruwan wani gida ta fashe ranar 1 ga Janairu 2009 saboda gas da ya kutsa cikinta, iyalai suka shafe sama da shekara goma ana kawo musu ruwa ko suna saye, sai a Nuwamba 2022 kamfanin Coterra, magajin kamfanin Cabot da ya haƙa gas a wurin, ya ƙi musanta tuhumar da aka yi masa a kotu ya amince zai biya wajen dala miliyan 16 a ja musu ruwan famfo. Gas ɗin da ke ƙarƙashin gidajen nan yana cikin tiriliyan 100 ɗin da ake alfahari da shi, ruwan da suka rasa kuwa ba a cire shi daga ko'ina ba. Haka batun rabo, dokar jihar ta 1979 ta ce mai ƙasa ba zai samu ƙasa da kashi ɗaya cikin takwas ba, amma kamfanoni suka riƙa cire kuɗin tacewa da na jigila daga kason, masu gonaki da yawa suka ga cakinsu ya zama ba komai, aka yi ta shari'a. Ita kanta jihar, duk da ita ce ta biyu bayan Teksas a fitar da gas, ba ta karɓar haraji a kan yawan abin da aka haƙo kamar yadda sauran manyan jihohin gas ke yi, abin da take karɓa kuɗi ne a kan kowace rijiya ƙarƙashin dokar da aka yi a 2012, kuma an sha kai ƙudurin harajin majalisa yana mutuwa a can.

Gaskiya ne gas ɗin ya sauke farashin makamashi, ya ture gawayi daga tashoshin lantarki da yawa, ya mayar da Amurka daga mai shirin shigo da gas zuwa wadda ta fi kowa fitar da daskararrensa a 2023, kuma Pensilbeniya tana tsakiyar wannan sauyi, wannan ba abin musu ba ne. Amma ga tsofaffin rijiyoyi dubbai da aka haƙa tun ƙarni na 19 aka watsar ba mai su, wasu ba a ma san inda suke ba, suna ta fitar da iskar mitan, kuɗin jama'a ake nema ana toshe su ɗaya bayan ɗaya. Sababbin rijiyoyin Marcellus sun haura dubu goma, kowace da ranar da za ta daina biyan kuɗin kula da ita, kuma kuɗin jinginar da doka ta sa kamfanoni su ajiye don toshe su bai kai abin da aikin ke ci ba.